Haskaka Mataccen Haƙori Daga Ciki: A Ina Haɗarin Yake?

 

Maganata ta yau a kan haƙori guda ɗaya ce, galibi na gaba, wanda jijiyarsa ta mutu, ya rine ya koma toka-toka ko baƙi a tsakanin 'yan'uwansa farare, har mai shi ya riƙa kare baki da hannu idan zai yi dariya. Likitocin haƙori suna da hanyar dawo masa da haskensa ba tare da sun sassaƙe shi ba: su buɗe shi ta baya, su zuba sinadari a cikin ramin da jijiyar take a da, su toshe, sinadarin ya yi aikinsa daga ciki. Sama da shekara arba'in ke nan ana muhawara a kan ko wannan aiki yana da aminci. Matsayina shi ne yana da shi, amma amincin ya rataya ne a kan abubuwa huɗu da ke hannun likita da mara lafiya: ƙarfin sinadarin, guje wa zafi, shingen da ake yi wa saiwa, da haƙurin bibiya. Yawancin ɓarnar da aka taɓa rubutawa ta faru ne a inda aka nemi sauri da sinadari mai ƙarfi. Zan kawo hujjojina, sannan in amsa wa masu ja da ni, domin a cikin maganganunsu akwai masu nauyi.

Ya kamata mu fara rabe wannan rini da sauran. Jan goro, da dattin taba, da furen da mata ke gogawa, duk a fuskar haƙori suke zama, kuma wankin asibiti yana fitar da su. Akwai kuma launin ƙasa-ƙasa da ke samun yaran da suka tashi da shan ruwa mai yawan sinadarin fuloraid, irin abin da ya faru a Tibiri ta jihar Maraɗi, wanda shi ma lamarinsa daban ne, domin waɗannan haƙora suna da ransu. Mataccen haƙori daga ciki yake rinewa. A ƙarƙashin farin ɓawon da muke gani akwai wani ƙashi mai suna dentin, cike da ƙananan hanyoyi dubbai waɗanda ido ba ya gani, sun taso daga ramin jijiya sun nufi waje. Idan yaro ya faɗi a filin ƙwallo, ko babur ya kayar da mutum ya bugi baki, jini yana fashewa a cikin ramin ya kwarara cikin waɗannan hanyoyi. Ƙwayoyin jinin su ruɓe, sinadarin ƙarfen da ke cikinsu ya fita, ya haɗu da abin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa, sai a sami baƙin launi da ya kama jikin ƙashin. Ragowar matacciyar jijiya da ba a kwashe ba, da wasu kayan cikon saiwa da aka bari a saman ramin, su ma suna rina haƙori. Shi ya sa asuwaki da burushi ba sa yi masa komai, komai daɗewar da aka yi ana gogawa.

Sinadarai uku ake amfani da su, kuma dukkansu abu ɗaya suke saki a ƙarshe, wato haidurojin feroksaid, wanda ke farfasa ƙwayoyin launi har su daina nuna duhu. Na farko shi ne haidurojin ɗin kansa mai ƙarfin kashi 30 zuwa 35 cikin 100, ruwa ne mai ƙuna, ɗigo ɗaya idan ya taɓa dasashi sai wurin ya yi fari fat. Na biyu gari ne, sodiyam faboret, wanda idan aka kwaɓa shi da ruwa yake sakin haidurojin a hankali cikin kwanaki. Na uku shi ne kabamaid feroksaid, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne ke zama haidurojin, wato mai kashi 10 yana ba da kimanin kashi 3 da rabi. A 1961 Spasser ya bayyana hanyar kwaɓa faboret da ruwa a rufe a cikin haƙori, mara lafiya ya tafi gida ya dawo bayan kwanaki. A 1963 Nutting da Poe suka maye gurbin ruwan da haidurojin mai kashi 30 domin aikin ya yi sauri. Wasu kuma suka ƙara da zafi: a jiƙa auduga da haidurojin, a sa a ramin, a ɗora mata ƙarfe mai zafi ko fitila, haƙori ya yi fari mutum yana zaune a kujera. Kowane mataki a wannan tarihi ƙarin sauri ne, kuma shekaru suka shuɗe kafin a ga abin da saurin ya haifa.

A 1979 Harrington da Natkin, a Amurka, suka wallafa labarin marasa lafiya huɗu waɗanda aka haskaka musu matattun haƙora da haidurojin mai ƙarfi da zafi, daga baya wuyan haƙoran ya fara zaizayewa. Wuyan haƙori shi ne daidai inda ɓangaren da ake gani ya haɗu da saiwa, a bakin dasashi. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin jiki waɗanda aikinsu cin tsohon ƙashi ne, su ne suke juyowa kan saiwar suna cinta daga waje zuwa ciki. Tun da jijiya ta mutu, babu zogi, babu tsami, mai haƙori bai san komai ba. Kamar gara ce a cikin azara, waje lafiya lau, sai ranar da ɗaki ya rufta. Sau da yawa hoton eksire ne ke tona ta, wani lokaci bayan shekaru, kuma idan ta yi nisa babu abin yi sai cire haƙorin. Wannan ita ce babbar barazanar da ake magana a kai. Ƙunar dasashi tana warkewa cikin 'yan kwanaki, raunin da sinadarin ke yi wa ƙarfin manne ciko na ɗan lokaci ne, amma saiwar da ta zaizaye ba ta tofowa.

To, sau nawa hakan ke faruwa, kuma a wane hali? A 1988 Friedman da abokan aikinsa a Ƙudus suka sake duba haƙora 58 da aka haskaka shekara 1 zuwa 8 kafin nan. Huɗu daga ciki, kashi 6.9 cikin 100, sun sami zaizaya. An yi musu aiki ne da haidurojin mai kashi 30, kuma ba a yi wa saiwarsu shinge ba. A 1994 Heithersay da abokansa a Ostireliya suka bi haƙora 204 da aka yi wa aiki da irin wannan haidurojin tare da zafi, suka sami huɗu, wato kusan kashi 2 cikin 100, kuma dukkan huɗun sun taɓa buguwa. A ɗaya ɓangaren, a wannan shekara ta 1988, Holmstrup da abokansa a Denmak suka ba da rahoton haƙora 95 da aka haskaka da faboret da ruwa kawai, kuma a cikin waɗanda aka bibiya har shekara uku ba a ga zaizaya ko ɗaya ba. Idan aka jera waɗannan rahotanni gefe da gefe, abin da ke raba su a fili yake. Inda aka haɗa sinadari mai ƙarfi, da zafi, da buɗaɗɗiyar saiwa, an yi asarar haƙora. Inda aka yi amfani da mai sauƙi aka jira, ba a yi ba.

Sanin yadda ɓarnar ke aukuwa yana ƙarfafa wannan fahimta. Waɗancan ƙananan hanyoyi da jini ya bi ya shiga, su ne kuma haidurojin ke bi ya fita. A bisa al'ada, wani siririn rufi mai suna simentum yana lulluɓe saiwa ya tare bakinsu. Sai dai a wasu haƙoran, tun a halitta, akwai 'yar tazara a wuya tsakanin wannan rufi da farin ɓawo, inda dentin ke tsirara, kuma buguwa tana iya ƙara yage rufin. A 1991 Rotstein da abokansa suka nuna a ɗakin gwaji cewa haidurojin mai kashi 30 yana ratsawa ya fito bayan saiwa, kuma abin da ke fitowa ya fi yawa ƙwarai a haƙoran da rufinsu ke da taɓo. Zafi yana ƙara masa kaifi da saurin ratsawa. Shekara guda kafin nan, Madison da Walton sun gwada a haƙoran karnuka, suka ga zaizayar ta danganta da haɗa zafi da haidurojin mai ƙarfi. Idan sinadarin ya isa naman da ke riƙe da saiwa, sai ya ƙona shi, kumburi ya biyo baya, ƙwayoyin cin ƙashi su taru. A haƙoran yara da matasa hanyoyin sun fi faɗi, don haka su ne suka fi buƙatar a yi musu a hankali, kuma su ne aka fi kawowa da karyayyen haƙorin gaba.

Ga ja na farko. Wasu likitoci suna cewa an ɗora wa sinadarin laifin da ba nasa ba, domin buguwa ita kaɗai tana jawo wannan zaizaya, kuma yawancin haƙoran da ake haskakawa dama bugaggu ne. Suna da abin kafa hujja. A 1999 Heithersay ya nazarci haƙora 257 masu zaizayar wuya yana neman musabbabi. Wayar daidaita haƙora ita kaɗai ta ɗauki kashi 24.1 cikin 100, buguwa ita kaɗai kashi 15.1, haskakawa daga ciki ita kaɗai kashi 3.9. Na yarda cewa sinadarin ba shi ne kan gaba ba. Amma kashi 3.9 ba sifiri ba ne, kuma karnukan Madison da Walton babu wanda ya buge su. Abin da ya fi muhimmanci, ko da mun karɓi wannan ja gaba ɗayansa, ƙarin taka-tsantsan yake wajabta mana. Idan buguwa ta riga ta raunana wuyan haƙori, to wannan shi ne haƙorin da bai kamata a kusance shi da ruwa mai ƙuna da ƙarfe mai zafi ba. Wanda ya ce laifin buguwa ne, sannan ya ɗauki haidurojin mai kashi 35 ya zuba a bugaggen haƙori, ya rushe hujjarsa da hannunsa.

Sai a tambaya, shin sinadari mai sauƙi yana yin aikin kuwa? Yana yi. Rotstein da abokansa sun kwatanta faboret da aka kwaɓa da ruwa, da wanda aka kwaɓa da haidurojin mai kashi 3, da mai kashi 30. Mai ƙarfin ya riga su nuna haske, amma bayan an maimaita zubin sau uku cikin mako biyu, bambancin ya ɓace. Masu bincike a Singafo kuma sun nuna a 2004 cewa kabamaid mai kashi 35 yana haskakawa daidai da haidurojin mai kashi 35, alhali abin da ke tsallakawa bayan saiwa daga gare shi ya fi ƙanƙanta. Ashe abin da mai ƙarfi ke sayo mana kwanaki ne kawai, kuma da lafiyar saiwa ake biyan kuɗinsu. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Amarya da ke son haƙorinta ya yi fari kafin ranar kamu tana da uzuri, amma likitan da ya biye mata ya ɗauko zafi ba shi da shi.

Ga yadda aikin yake idan an yi shi bisa ƙa'ida. Da farko a ɗauki hoto a tabbatar cikon saiwa ya cika, ya kai ƙarshe, babu ƙurji a gindinsa; idan akwai shakka, a sake shi tukuna. A duba wuyan haƙorin ko akwai tsaga ko zaizayar da ta riga ta fara. A keɓe haƙorin da shimfiɗar roba domin kare dasashi da leɓe. A kwashe duk ragowar jijiya da kayan ciko daga ramin, musamman lungunansa na sama, domin sau da yawa nan dattin ke ɓuya. A rage cikon saiwa kaɗan zuwa ƙasan wuya, sannan a ɗora shinge mai kaurin aƙalla milimita 2, na siminti irin gilas ayonoma, a siffanta shi ya bi lanƙwasar wuyan haƙori, wadda ta fi tasowa a gefuna biyu. Cikon saiwa shi kaɗai ba ya tare haidurojin, wannan ya tabbata. Sai a zuba sinadari mai sauƙi, a toshe da kyau, a sauya bayan kwana 3 zuwa 7. Idan launi ya daidaita, a wanke, a jira mako ɗaya zuwa uku kafin ciko na dindindin, domin ragowar iskar oksijin tana hana farin ciko kamawa, kuma cikon da bai kama ba ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta da sabon rini. Daga nan sai bibiya da hoto, shekara bayan shekara.

Ja na biyu daga Turai yake zuwa. Tarayyar Turai ta sanya sodiyam faboret a jerin sinadaran da ke iya cutar da haihuwa, ta hana shi a kayan kwalliya, kuma dokarta ta 2011 ta ƙayyade haidurojin da ke cikin kayan haskaka haƙora a kashi 6 cikin 100, a hannun likita, ban da waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mai ja zai ce, ta yaya zan yabi abin da wata nahiya ta haramta? Wannan hukunci ya samo asali ne daga gwajin da aka yi wa dabbobi da aka ciyar da sinadaran boron masu yawa na tsawon lokaci, kuma akwai nisa tsakanin wannan da ɗan garin da bai cika kan tsinke ba, wanda aka rufe a cikin haƙori na kwanaki. Duk da haka ba na raina shi. Mai juna biyu ko mai shayarwa ta jira, babu abin da zai lalace. Inda doka ta hana, a bi doka. Kuma kabamaid mai kashi 10 zuwa 16 yana nan, ya shiga ƙarƙashin iyakar kashi 6, yana yin aikin. Ku lura kuma da inda dokar ta fuskanta: ƙarfin haidurojin ta rage, wato ita ma sassauci take nema.

Ja na uku ya fi kusa da zuciyar iyaye. Suna cewa, me ya sa za a jefa haƙori cikin haɗari, komai ƙanƙantarsa, saboda ado? A bar shi haka, ko a sa masa hula. Barin sa zaɓi ne halastacce, kuma wajibi ne likita ya faɗe shi. Amma matashin da ya daina murmushi a aji, ko budurwar da ke magana da baki a rufe, damuwarsu ta gaskiya ce, kuma idan asibiti ya ƙi su, wurin waɗanda ba su san saiwa ba za su nufa. Hular kuwa, ko ta tangaran ce ko irin ta zinariya da muke kira haƙorin Makka, ba ta zama sai an sassaƙe haƙori. Edelhoff da Sorensen sun auna a 2002, suka ga shirya haƙorin gaba domin cikakkiyar hula yana cinye kashi 63 zuwa 72 cikin 100 na nauyin ɓangarensa na sama. Wannan asara ce tabbatacciya, a rana ɗaya, a jikin haƙorin da dama an huda shi. Haskakawa ba ta cire komai sai datti, ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma idan ba ta yi ba, hular tana nan tana jira. Wanda ya fara da hula ya rufe wa kansa hanyar komawa.

Ja na huɗu shi ne cewa launin yana dawowa, kuma hujjojin da na kawo yawancinsu bibiyar marasa lafiya ce da gwajin ɗaki. Haka ne, wani kaso na haƙoran yana sake duhu bayan shekaru, musamman idan cikon baya ya yi yoyo, kuma dole a gaya wa mara lafiya wannan tun kafin a taɓa shi. Amma dawowar launi ba cuta ba ce, ana iya maimaita aikin. Game da hujja kuwa, bayan abin da aka gani a 1979 da 1988, babu kwamitin ɗa'a da zai yarda a raba mutane gida biyu a ƙi yi wa rabi shinge domin a ƙirga haƙoran da za su zube. Abin da muke da shi shi ne rahoton asibiti, da gwajin dabbobi, da na ɗakin bincike, daga ƙasashe daban-daban, kuma duk sun fuskanci alƙibla ɗaya. Wannan ya ishi mai hankali ya yi aiki da shi.

Saboda haka ina da kira iri biyu. Ga 'yan'uwana likitoci da ɗalibanmu: ku ajiye zafi gaba ɗaya, ku ajiye haidurojin mai kashi 30 a wannan aiki, kada ku zuba komai a haƙorin da ba ku yi wa shinge ba, ku rubuta tarihin buguwa da na wayar daidaita haƙora, ku karɓi lambar wayar mara lafiya domin ku kira shi hoton bibiya, tunda mun san mutanenmu ba sa dawowa asibiti idan babu ciwo, wannan cuta kuwa ba ta ciwo. Ga jama'a: wannan aikin likitan haƙori ne mai rajista, ba na shagon kwalliya ba, kuma haidurojin da ake saya a kemis a kurkure baki ba zai taɓa rinin da ke ciki ba, sai dai ya ƙona dasashi. Idan kun zauna a kujerar likita, kuna da haƙƙin tambayarsa abu huɗu: wane sinadari zai sa kuma mene ne ƙarfinsa, zai yi amfani da zafi ko fitila, zai yi wa saiwa shinge, kuma yaushe za ku dawo hoto. Likitan kirki zai ji daɗin waɗannan tambayoyi. Wanda ya yi muku alkawarin fari a zama ɗaya, ku nemi wani.